Faifan da Aka Juya a Katabu

Ni na fara ganin abin. Kafin Alhaji Tijjani mai masana'antar, kafin Sanda mai walda, kafin ma jikata Na'ima da ta ƙare ƙuruciyarta a karatun wannan fanni, babban yatsan hannuna ne ya fara jin cewa ƙarfen nan ba lafiya yake ba. Yanzu kowa a Katabu cewa yake ai shi ma ya lura. Ƙarya suke yi. Ranar da na faɗa, dariya aka yi mini.

Sunana Sharhabil, amma a Panteka, kasuwar maƙera da tsofaffin ƙarafa ta Kaduna, in kana nemana sai ka ce Baba Mai Goge. Ban taɓa zama a aji ba, ko allon ma ban yi nisa ba, amma tun kafin gemu ya fito mini nake shafa ƙarfe. Kuma ni ba matsoraci ba ne. Agana ta kwantar da mu da yawa a ƙauyenmu, ni na tashi, ga zanzanarta nan a fuskata. Mota ta juye da ni a hanyar Zariya, har an lulluɓe ni da zane na yi atishawa. Ambaliya ta ɗauke ɗakina a Rafin Guza ina kan mangwaro ina kallonta. To in irina ya ce abu ya ba shi tsoro, a san ba ƙaramin abu ba ne.

Alhaji Tijjani ma'aikacin gwamnati ne da ya yi ritaya. Da aka sallame shi, sai ya yi odar wani inji daga Sin, ya kafa shi a wata rumfar kwano a Katabu, can bayan titin Zariya. Mu Tukunya muke ce masa, don haka yake, ƙaton tulun ƙarfe mai ƙofa, mutum zai shiga ya tsaya. Za a jera fararen cokula a ciki, da tire-tire, da mariƙan ƙofa, da kawunan get, a rufe, bayan wani lokaci a buɗe, su fito launin zinare. Ba fenti ba ne, ba ya ɓarewa. Iyayen amare kamar su cinye mu.

Na'ima ce ke tuƙa Tukunya. 'Yar 'yata Hansai ce, kuma ita ta kawo ni wurin, don ko sawun yatsa ya zauna a cokali launin ba zai kama ba, sai an goge shi kamar madubi, kuma duk Kaduna babu mai goge kamar ni. Kullum tare muke hawa mota a Kawo. Ina ce mata amaryata, tana ce mini Tsoho, tana cewa ita ba za ta zauna da miji mai haƙori huɗu ba.

A jikin ƙofar Tukunya akwai taga guda ta gilashi mai kauri, faɗin farantin tuwo. A bangon ciki kuma, daura da tagar, akwai wani faifai na ƙarfe mai tsada da suke kira taitaniyom. Ruwa na gudu a bayansa don kada ya yi zafi. Wannan faifan shi ne maganar.

Wata ranar shara na shiga ciki da tsumma. Na kai hannu kan faifan sai na tsaya. Lokacin da aka kawo shi sumul yake, ni na goge shi da hannuna. Yanzu ga wani kwari ya zagaye fuskarsa, kamar hanyar da akuya ke yi kewaye da turke. Na bi kwarin da yatsa, sai na ji kaushi kamar harshen mage.

Na san cin ƙarfe iri-iri. Na san na tsatsa, na san na ruwan batir, na san na gogayya. Gogayya sulɓi take bari. Wannan kuwa ƙayoyi ya bari, ƙanana ƙwarai, duk sun kwanta gefe guda. Abin da ya fi tayar mini da tsikar jiki shi ne babu abin da ke taɓa faifan nan. Ba wuƙa, ba dutse, ba haƙorin inji. Ko iska ma zuƙe ta ake yi daga cikin Tukunya kafin a kunna. Ƙarfe yana zaune shi kaɗai a ɗakin da babu kowa, kuma ana cin sa.

Na fito na faɗa. Sanda, wanda Alhaji ke kira in wani abu ya lalace, yana wurin yana gyaran ƙafar janareto. Yarona ne a da, ni na fara ba shi guduma, yanzu shi ma ya yi furfura. Ya ce wa ma'aikata Baba ya shafa wa ƙarfen Alhaji agana, a kira masu riga-kafi. Kowa ya dara, har Alhaji.

Na'ima ba ta yi dariya ba. Ta ce kwarin ta san da shi, haka aikin ya gada, amma ba ta zaci ya yi zurfi haka da wuri ba. Ranar Lahadi da la'asar, muna gida a Rafin Guza, uwarta na tsince gero a tsakar gida, sai ta karɓe tiren, ta baje geron ya yi lebur, ta ce in kalla. Ta ce ƙarfe duk taurinsa haka yake, ƙwayoyi ne jere, sai dai sun yi ƙanƙantar da ido ba zai taɓa ganinsu ba. Ta ɗauki tsakuwa ta jefa da ƙarfi. Wasu ƙwayoyin suka yi tsalle waje, wasu suka nutse ƙasa, wasu suka taru a baki, rami ya zauna a tsakiya. Hansai ta ce a bar mata geronta, ba na wasa ba ne.

Na'ima ta ce bayan an zuƙe iska, wani gas ake saki a ciki ɗan kaɗan. Wutar lantarki ta kama ƙwayoyinsa ta yi musu caji, sai faifan ya riƙa jawo su, su faɗa masa da gudun da ba a misaltawa. Kowace ƙwaya tsakuwa ce. Ta daki ƙwayar ƙarfe, wannan ta daki ta kusa da ita, ita ma ta daki wata, har wata ta ɓalle ta tashi ta je ta manne a cokali. Ba hutu, kamar ruwan sama da ba ya ɗaukewa. Maganaɗisun da ke bayan faifan shi ke tara dukan a zobe guda, shi ya sa kwarin ya zagaye.

Na ce, "Ke nan zinaren da ke kan cokulan amare, naman faifan ne?"

"Namansa ne, Tsoho. Ana yankarsa ƙwaya-ƙwaya."

Ta nuna mini hoto a wayarta, na irin wannan ƙarfe da aka duba da madubin ƙara girma. Ban so na gani ba. Duwatsu ne masu tsini, da ramuka, da kunya-kunya kamar yashin bakin kogi. Ta ce tsinin nan su ne ƙayoyin da na ji. Duk inda ɗan datti ya zauna yakan kare abin da ke ƙarƙashinsa, a cinye kewaye a bar shi tsaye, kamar yadda bayan an yi ruwa za ka ga kowace tsakuwa zaune a kan ɗan ginshiƙin ƙasa. Ta ce kuma ba duk tsakuwar ke dawowa ba. Wasu ƙwayoyin gas ɗin sukan maƙale a cikin naman ƙarfen, su taru a ƙarƙashin fata, fatar ta kumburo ta fashe.

Na ce wannan ai ƙuraje ne. Ta ce to, ba ka yi ƙarya duka ba. Na ce ta je ta maimaita wa Sanda.

Washegari ta auna kwarin, ta ce wa Alhaji a kawo sabon faifai. Alhaji bai yi gardama ba, ya yi oda. Amma kayan suka tsaya a Legas, yau ne gobe ne, ga Sha'aban ya kama, kowa na son ya aurar kafin azumi. Buhunan cokula suka cika rumfa har ba wurin salla. Mata na zuwa tun daga Unguwar Rimi su zauna a mota suna jiran Alhaji, shi kuma yana ɓoyewa bayan janareto.

Nan Sanda ya kawo shawarar da ta jawo komai. Ya kwance faifan, ya juya shi, ya nuna wa Alhaji bayansa, sumul kamar sabo. Ya ce me ake jira, a juya shi kawai.

Duk wanda ya san Panteka ya san wannan ita ce sana'armu. Ba ma zubar da abu yana da sauran fuska. Wuƙar inji ta ci gefe, a juya ta. Faranti ya lotsa, a juya shi. Da wannan muka riƙe motoci da injinan niƙa na rabin Arewa suna aiki bayan waɗanda suka ƙera su sun mutu. Ni kaina abin da na juya a rayuwata ba zai ƙirgu ba. Amma na ce wannan ba za a juya shi ba.

Sanda ya ce, "Haba Baba, kai fa ka koya mana."

"Na koya maka juya abin da aka goga. Wannan ba gogarsa aka yi ba, harbinsa aka yi."

Na'ima ta yi musu bayani a natse. Ta ce maganaɗisu ba zai matsa ba, saboda haka sabon kwarin zai haƙu daidai saitin tsohon, ɗaya daga gaba ɗaya daga baya, kamar mutum biyu na haƙa katanga guda. In suka haɗu, ruwan da ke baya zai shigo cikin Tukunya tana kan wuta. Alhaji ya tambaye ta ko yau zai huje. Ta ce ba za ta rantse ba, akwai sauran nama tsakani, zai iya ɗaukar wasu zubi. Ya ce to ai shi ke nan abin da yake roƙo, a fitar da kayan bikin nan kawai. Ba mugu ba ne Alhaji. Mutum ne da ya zuba duk abin da ya tara a tulu guda, ga alkawari ya ɗauka.

Ta amince, da sharaɗi guda. Ta ce muddin Tukunya na kunne, ba za ta ɗauke ido daga hasken ciki ba, da ta ga ya canza za ta kashe. Kowa ya ce madalla. Ni kaɗai na dubi kujerar da za ta zauna, na dubi tagar, na ga abin da sharaɗin ke nufi. Fuskar jikata za ta wuni manne da gilashin nan, saitin faifan da ake ci gaba da baya.

A gida na ce wa Hansai ta hana ta zuwa. Hansai ta ce ita ba ta san kan injin ba, kuma yarinyar ba ƙaramar yarinya ba ce. Na'ima ta ce in ta ƙi zuwa, Alhaji zai ɗora mai kula da janareto a kujerar, wanda bai san bambancin hasken lafiya da na ciwo ba. Na ce to shi ya zauna mana. Ta ce shi ma jikan wani ne. 

Aka juya faifan, aka fara. Cokula suka riƙa fitowa da kyau, har sun fi na da ja, Sanda na ɗaga ɗaya yana haska mini ido da shi duk lokacin da na wuce. Amma akwai duron da ruwan sanyaya faifan ke zuba a bayan rumfa, da shi muke alwala, don ɗumi-ɗumi yake fitowa. Da farko ɗumin ne. Bayan 'yan kwanaki sai da na sirka da na randa. Ran nan mai janareto ya tsoma hannu ya fizge yana salati. Na'ima ta ce kwarin da ke baya ne ke riƙe ruwa, ba ya gudu sosai, yana tafasa a wurin. Daga nan Tukunya ta fara wani sauti da ba ta yi a da, ƙas, ƙas, kamar ana karya tsinke a ɗakin da aka kulle.

Ina goge cokali, idona na kan ƙeyarta. Tana zaune ta tallafe gilashin da hannu biyu don kada hasken rana ya dame ta, hancinta har yana barin tabo a jiki. In ta ɗago, sai ka ga shuɗin hasken bai gama barin idonta ba.

Ranar Alhamis bayan azahar, saura zubi kaɗan a gama kayan, Tukunya na kashe ana jera wasu cokula, Na'ima ta fita alwala. Na ajiye tsumma na je na zauna a kujerarta. Ta dawo ta same ni.

"Tsoho, tashi, wasa ya ƙare."

"Ba zan tashi ba."

"Ba ka san abin da ake dubawa ba."

"To faɗa mini. Ido ne, nawa ya girmi naki."

Ta ce za ta kira Alhaji. Na ce ta kira gwamna. Sai na nuna mata babban makunnin wutar, can a ɗaya bangon, bayan ginshiƙin bulo. Na ce in ta ga abin daga nan, sai ta tashi, ta zagaya buhuna, kafin ta kai hannu an gama. Amma in ni na zauna ina kallo, ita ta tsaya can hannunta a kan makunni, da na yi magana ta ja. Wannan dabara tawa ce, ba wanda ya ba ni. Gaskiya ce kuma, shi ya sa ba ta iya musa ta ba, ko da yake ta gane sarai ba saurin ne ya dame ni ba, bulon nake so ya shiga tsakaninta da tagar.

Ta haƙura. Sannan ta ce zobe zan gani, shuɗi mai ɗan ja-ja, kuma ya kamata ya zama iri ɗaya ko'ina. In na ga wuri guda ya yi fari, ko hasken ya fara rawa, kada in tsaya tunani. Ta ce in na mutu mata a kujera ba za ta yi mini takaba ba. Na ce dama ban sa rai ba.

Aka rufe ƙofa, injin zuƙe iska ya yi ta gurnani har ya koma siririn kuka, ta kunna. Na manna fuska.

Duk zamana a wurin ban taɓa leƙawa Tukunya na aiki ba. Duhu ne, sai zoben nan yana shawagi a fuskar faifan, ba harshen wuta, ba hayaƙi, ba motsi. Cokula na juyawa a hankali a kan maratayinsu, suna shiga hasken suna fita. Da ban san komai ba, da na ce ban taɓa ganin abu mai natsuwa haka ba. Amma na riga na ga tiren gero. Na san a cikin shirun nan ana ruwan tsakuwa, kowace na neman ƙwayarta, kuma abin da ya rage tsakanin dukan da ruwan bai fi kaurin farce ba, yana kuma raguwa ina kallo.

Ban san tsawon lokacin da na yi ba. Wuyana ya ƙage. Ƙas ɗin nan na zuwa, zoben ya ɗan girgiza ya koma. Sau da yawa bakina ya buɗe na rufe, don kada a ce tsoho ya tsorata ya ɓata zubi.

Sai na gan shi. Can ƙasan zoben, ta hagu, wani ɗigo fari, ƙarami kamar ƙwayar geron. Bai yi rawa ba. Kallona yake yi. Yana nan yana ƙara haske, sai wani siririn zare ya fito daga cikinsa.

Na juya kai na ce, "Na'ima, kashe!"

Juyawar nan ita ta bar mini idanuna. Na ji ta ja makunnin, hasken ya mutu, har na fara cewa alhamdulillahi. Sai Tukunya ta yi wani nishi daga can ƙasa. Daga baya Na'ima ta ce ruwan ya riga ya shigo, ya gangara kan man injin zuƙe iska da ke tafasa, ya zama tururi gaba ɗaya, ba hanyar fita sai inda ya fi rauni, wato tagar gilashin. Ni dai abin da na sani, wani abu ya mare ni a gefen kai kamar ƙofar mota, na ga rufin kwano, na ga cokula na zubowa.

Na farka a asibiti, Hansai na kuka, Na'ima na tsaye, ko ƙwarzane babu a jikinta. Shi na fara dubawa. Na sa ta juya fuska dama da hagu, sannan na yarda a ba ni ruwa. Ta ce mini bulon da ta tsaya a baya duk gilashi ya caccake shi.

Kunnen hagu ya tafi, rabinsa a Katabu ya kwana, kuma ba na ji da shi. Alhaji ya zo ya zauna a bakin gado ya kasa haɗa ido da ni. Sanda ya zo da lemo, ya ce sun kwance faifan, hujin ko allura da ƙyar ta shiga. Ya yi ta juya hularsa a hannu yana cewa ɗan wannan ne ya yi wannan ɓarna. Na ce ya matso ta dama, wancan kunnen ya daina sauraron shawara.

An gyara Tukunya bayan salla, da sabon faifai, da raga a kan tagar, an kuma dawo da makunnin kusa. Na'ima na nan tana tuƙa ta. Ni ma ina nan ina goge.

Likita ya ce akwai gilashin da ya shige kusa da jijiyar wuya, fitar da shi ya fi barinsa haɗari. Yana nan, gutsure uku ko huɗu, in sanyi ya sauko sai su riƙa motsi. Wanda ke ganin tatsuniya nake yi, ya hau mota a Kawo ya sauka a Rafin Guza, ya ce a nuna masa gidan Baba Mai Goge. Zan kwance rawani in kama yatsansa in ɗora a wurin, ya danna da kansa. In bayan nan har yanzu yana da ja, to ya zo mu je Katabu. Zan roƙi Alhaji a mayar da tsohon faifan, a cire ragar, in ba shi kujera. Ni zan riƙe masa makunni.